Fitila Biyu a Hannun Barira

Tun da aka ɗaura wa kowa awarwaron da ke nuna ƙarfin da ya rage masa a jiki, mutane suka daina tambayar juna gajiya. Hannunka kawai ake duba. Mai lafiya da fitila goma a kunne a awarwaronsa yake tashi. Barira kuwa, da ciwon gajiya ya kama shekara shida ke nan, yau da uku ta tashi, wanka ya cinye ɗaya.

Tana jingine da bango tana zanen ƙwarya, saura tsuntsu ɗaya ta gama, sai Gwaggo Tabawa ta yi sallama.

"Tashi mu je barka, matar yayanki ta sauka." Sai idonta ya kai kan hannun Barira. "Biyu? To, yi zamanki. Ajiye wuƙar nan ki kwanta."

"Gwaggo, ko gaisawa ba mu yi ba."

"Me zan tambaye ki, ga shi ina gani?"

Barira ta ci gaba da zanenta. Gwaggo ta ɗan jima a tsaye, sannan ta zauna a bakin tabarma, ta ja gefen mayafinta ta rufe awarwaron.

"Ina gajiya, Barira?"

"Ba gajiya, Gwaggo."

A hankali Barira ta fitar da fiffiken tsuntsun, sannan baki. Ta hure ƙwaryar ta miƙa. "A kai wa mai jego, ta sha kunu."

A ƙarƙashin mayafin fitila ɗaya ta mutu. Gwaggo ta ga hasken ya ragu, ba ta ɗaga mayafin ba.