Saurayin da Ya Hau Zakin Babila

Luba ta tura kaset cikin bidiyo, ta ja labule don hasken yamma ya daina faɗowa kan talabijin. Mahaifinta, Alhaji Uwaisu, yana zaune kusa da hita da bargo a gwiwa. Tun shigowar sanyin 1994 ta ɗauko shi daga Kano zuwa gidanta a unguwar Plumstead a Landan, yana ganin likita a Whitechapel saboda ciwon mantuwa. Ya tambaye ta ko an yi la'asar. Ta ce ai tare suka yi.

Tsohon fim ne marar sauti, wani mai shago a Deptford ya juye mata shi a kaset. Da farko ba komai sai rairayi da dabino. Can wani allo ya bayyana da rubutun Larabci, Alhaji ya karanta a fili: Babila. Ya gyara zama, ya ce birnin da sunansa ya zo a Alƙur'ani ke nan. Ga katangu na tubali sun zube, ga siffofin dabbobi a jikin waɗanda suka rage. Ya yi ta gyaɗa kai yana cewa duniya ba wurin zama ba ce.

Sai wani saurayi ya shigo hoton. Dogo ne, baƙi, da matsattsen wando da baƙin gilashi, taba a gefen baki. Bai ko dubi katangun ba. Ya nufi wani katafaren zaki na dutse, ya taka shi da takalmi ya haye gadon bayansa, yana dukan cinyarsa kamar ya hau jakin kasuwa. Da tabar ta ƙare, a kan zakin ya murje ta.

Alhaji ya yi tsaki. Luba ba ta kallon talabijin, fuskarsa take kallo.

Saurayin ya sauko ya tsuguna a gindin wata katanga, ya zaro wuƙa ya shiga ƙwaƙule wani tubali mai ƙananan rubuce-rubuce irin na mutanen da. Tubalin ya rabe biyu a hannunsa. Ya sa rabi a aljihu, ya yi jifa da ɗayan rabin. Wata budurwa mai gyale ta shigo tana jan rigarsa, tana hana shi tana kuma dariya.

"Ita wannan baiwar Allah me ta gani a jikinsa?" in ji Alhaji.

Luba ta nuna budurwar da yatsa. Ta ce masa ya dai duba yarinyar da kyau. Ya duba, ya ce da ganinta 'yar mutunci ce, Allah ya raba ta da wannan.

Fim ɗin ya ci gaba. Wani tsohon mai gadi ya taho yana ɗingishi, ya riƙe hannun saurayin yana nuna masa ramin da ya bari. Saurayin ya fizge rawanin tsohon ya ɗora a kansa, ya riƙa kwaikwayon ɗingishin yana zagaye shi. Tsohon ya tsaya kansa a buɗe cikin rana, furfura fes, yana miƙa hannu.

Nan Alhaji ya ture bargon. Ya nemi abin da zai tofa yawu, Luba ta miƙa masa hankici. Ya ce tsoho sa'an ubansa. Ya ce irin waɗannan ne ake tura su karatu waje su je su zubar wa ƙasa mutunci, a riƙa yi wa kowane baƙin mutum kallon banza. Da a gidansa aka haifi wannan, in ji shi, da ba su ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba.

A ƙarshen fim ɗin saurayin ya matso har fuskarsa ta cika talabijin, ya cire gilashin, ya yi murmushi. Luba ta tsayar da hoton a nan. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta riƙe hannunsa.

"Baba, don Allah ka dube shi sosai. Ba ka san shi ba?"

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kau da kai zuwa bango.

"Allah ya kiyaye in san irin wannan. Kashe, zuciyata tashi take."

Ta kashe. Ta gyara masa bargo, ta shiga kicin ta jawo ƙofa. Mijinta Almu yana tsaye bakin tukunya, ya tambaye ta ko dabarar da likita ya ba su ta yi aiki, ko ya gane matarsa Hajiya, Allah ya jiƙanta, a fim ɗin ƙuruciyarsu. Luba ta goge ido da gefen ɗankwali.

"Bai gane Umma ba," ta ce. "Almu, ko kansa bai gane ba."