Damin Itacen Tsohuwar Nish

Ranar da sojojin Sabiya suka ci Nish, aka yi wa Musulmin garin alfarmar ficewa zuwa ƙasar Sultan da abin da bayansu zai ɗauka. Maƙwabta suka kwashi tagulla da darduma, wata tsohuwa kuwa ta yanko rassan inabinta ta ɗaure.

Sojan da ya gaje gonarta ya tuntsire da dariya. "Iya, ƙasar Sultan babu itacen girki ne?"

"Namu ya fi kama wuta, ɗan nan."

Bayan shekara goma, tana zaune cikin sabuwar gonarta a Kosovo, sai ga sojan nan da hula a hannu. Cuta ta cinye inabin Nish, iri yake roƙo.

Ta ƙare masa kallo daga inuwar rassan nan da ta dasa.

"Ɗan nan, itacen girki ya ƙare muku ne?"