Abokiyar Addu'ar Kambai

Kambai bai yi maguɗi ba, gyara ya yi. Layi ɗaya ya ja da biro, sunansa ya tashi daga gefen wani dattijo mai tari, ya sauka a gefen "Justina, Ladywood".

Al'adar zumuntar cocinsu ce. Duk azumin kwana arba'in kafin Ista, akan haɗa kowane mutumin Manchester da abokin addu'a a reshen Birmingham. Lambar waya kaɗai ake ba ka. Ba suna, ba kira, sai saƙo. Ka faɗi jarabarka, a taya ka roƙon Allah, ranar Ista a haɗu a san juna. Fasto Tomas ke jefa ƙuri'a, amma sakatare ke riƙe takarda, sakataren kuwa Kambai ne.

Justina nas ce, mijinta ya rasu. Tun da ta rera waƙa a taron Kirsimeti, Kambai ya ƙara yawan baƙin da yake shafa wa gashinsa. A yi masa adalci mana. Mutum mai irin wannan ƙira, gwamnati ta tsuke aljihu, council ɗin Manchester ta sallame shi daga aiki, ya wuni a flat ɗin Levenshulme yana kallon ruwan sama. Matarsa Celestina tana aiki a care home, gidan kula da tsofaffi, shift kan shift. Wa zai yaba sabuwar hularsa?

Birmingham ba garin da yake sha'awa ba ne. Can surukarsa take, wurin ɗanta Manasseh, tsohuwar hedimistires mai kallo ta saman tabarau. Shekara ashirin da biyu Kambai bai taɓa cin loma a gabanta ba. Ya durƙusa, ya ce "Mama, ina kwana," ya nemi ƙofa. Ko waya ba sa yi, Celestina ke kai gaisuwa ta kawo. Amma saboda Justina, sai garin ya fara yi masa kyau.

Ya sayi sabon layin waya a Stockport Road, ya tsara saƙon farko kamar mai ɗinkin babbar riga. Jarabarsa, in ji shi, kaɗaici ce, da zuciya mai yawan ƙauna.

Amsa ta zo da aya guda da umarni: "Ka karanta sau uku. Kuma kaɗaici da ɗ mai lanƙwasa ake rubuta shi."

Mace mai aji ke nan, in ji Kambai. Ya karanta sau shida.

Haka aka ci gaba. Ya aika zuma, a dawo masa da aiki. Ya ce idanunta suna hana shi sukuni, ta ce ya kai idanun nasa food bank na coci ranar Laraba, inda ake raba wa mabuƙata abinci, ana neman masu ɗaukar kwali. Ya je, don ta ji labari. Ya tambayi abin da zai roƙar mata, ta ce gwiwoyinta. Kambai ya kusa hawaye: yarinya ƙarama, durƙuson addu'a ya cinye mata gwiwa!

Sai al'ajibai suka fara. Ya yi mata ƙorafin cewa rabonsa da gwaten acca tun bara. Washegari ya tarar da gwate a kan tebur, har da yakuwa. Ya ce ba mai lura da shi a gidan. Ranar Lahadi Celestina ta gyara masa wuyan riga, ta ce, "Baban yara, yau ka fito fa." Lallai addu'ar Justina ba ta tsayawa a hanya.

A mako na biyar ya yi ta maza. Ya rubuta cewa zai shigo bas ranar Asabar, shi kaɗai, su yi addu'a ido da ido.

"Asabar ka kai matarka asibiti, likita ya tura ta awon jini. Ba ka sani ba, ko?"

Bai sani ba. Har wahayi ake mata! Ya raka Celestina, ya zauna riƙe da jakarta, ya ga yadda aiki ya tsattsage mata hannuwa. Kunya ta kama shi, ta gaske, abin da bai shirya ba. A kan kujerar nan ya yi addu'ar da ba don a ji labari ba. Daga ranar zumar saƙonninsa ta ragu, har ya fara tashi karatun aya ba a sa shi ba.

Duk da haka, ranar Ista ya shafa baƙi. Gaisuwa ce kawai, ai ba zunubi ba ne.

Zauren cocin Ladywood, a Birmingham, ya cika. Ya durƙusa wa Mama a bakin ƙofa, Celestina ta ja ta suka zauna tare, suna ƙus-ƙus suna dariya. Justina na sahun mawaƙa cikin farin leshi, waya a hannu.

"Mutanen Manchester," in ji Fasto Tomas, "kowa ya kira lambarsa!"

Zaure ya ɗauki ƙara. Kambai ya danna, ya gyara hula, ya saki murmushin da ya yi wa gwaji a madubi. Wayar Justina ba ta ko motsa ba. Ashe bana ba ta ma shiga ƙuri'ar ba.

A kusa da shi ƙarar take, cikin jakar da ke kan cinyar Celestina. Ta zaro wayar, ta miƙa wa mai ita da hannu biyu. Tsohuwar ta murza gwiwarta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Kashe, ɗana, na gani. Tun saƙon farko na gane ka. Laifin kunya ne. Shekara ashirin da biyu kana ce min Mama, ba ka taɓa tambaya ba: sunana Justina."