Fassarar Habboba

"An cire ki daga gasar karatun," in ji saƙon. "Duk sharhin da kika turo, babu wanda ya shafi labaranmu."

Raihana ta sake duba saƙon a wayarta. A ƙauyensu na gefen garin Hasahisa da Larabci ta tashi. Tana iya haɗa haruffan boko, amma ma'anar Hausar ta fi ƙarfinta. Shi ya sa kullum take zama gaban Habboba, kakarta, ta karanta labaran gasar da ƙarfi, tsohuwar ta fassara mata, ita kuma ta tura sharhi zuwa zauren gasar ta waya.

Ta sami kakar tana yanka kuɓewa.

"Habboba, me kike fassara mini?"

"Karatun nan naki, ɗiyata, ko kalma guda ban taɓa ganewa ba."

"To labarin yaron da ya faɗa tur'a, magudanar ban ruwan gona, ruwa ya tafi da shi, uwarsa na can tana cirar auduga fa?"

Wuƙar ta tsaya a hannun tsohuwar.

"Salih sunanshi. Ɗana ne, wan babanki. Tun ranar ban samu wanda zai zauna in gaya ma ba, sai da wayar nan ta zaunar da ke."