Abin da Doka Ta Bar Masa

"Wannan mai ɓarin wuta ce, ɗan'uwa, kuma tsohonka bai yi mata rajista ba," in ji mai shagon bindigogi. "Tuni gwamnati ta rufe ƙofar rajistar. Ka ajiye ta, ka sha ɗauri."

Ɗan tsohon ya kalli bindigar da mahaifinsa ya dawo da ita daga yaƙin Koriya, ya ɓoye a rufin gidansu na jihar Kentaki a Amurka har ya rasu. Tsohon ba mai magana ba ne, bai taɓa rungumarsa ba. Kowace Lahadi sai ya hau sama da tsumma da mai, shi kuwa, yana yaro, yana gindin tsani yana jiran a kira shi.

"Ko a bango zan rataye ta?"

"Ko a kabari! Ƙarfen sai hukuma ta yanka. Katakon gindinta kam ɗauki abinka, icce ba ya harbi."

A mota ya jujjuya katakon. Gefe guda ya yi baƙi, ya yi sulɓi, inda kuncin tsohon ya saba kwanciya. Ya ɗora nasa kuncin a gurbin, ya lumshe ido, ya ƙi tayar da motar.