Furen Gindin Dutse

Sauran 'yan ƙungiyar tattaki sun yi gaba a hanyar rafi, amma Malama ta tsaya cak tana kallon hannun Tela. Farin fure yake miƙo mata, har da saiwarsa.

"Ina ka samo wannan?"

"Gindin dutsen can," ya ce yana murmushi. "Na ga kullum sai kin tsaya a wajen. Malama, aurenki nake so."

Ta kalle shi sama da ƙasa, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"Shekara uku ina zuwa duba shi, rani da damina, sai bana ya buɗe! Ka manta dokar ƙungiya? Kallo kawai, ba a tsinkar komai!"

Murmushinsa ya ɓace. "Wallahi don ke na yi."

"Don ni? Haka kake yi wa abin da kake so, ka tumɓuke shi?"

Ta fizge furen, ta nufi gindin dutsen, ta durƙusa tana tona ƙasa da yatsunta. Ya biyo ta jiki a sanyaye.

"To, amsata fa?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Je ka ɗebo ruwa. In ya rayu, ka sake tambayata."