Kujerar Ummakulsum

Ummakulsum ta ja ta tsaya a bakin garejin Hamzat da ke Fagge, idonta a kan jar motar da ya haɗa da hannunsa, wadda ya yi alkawarin zai zaga gari da ita a ciki bayan bikinsu. Kujerar direba kaɗai ta rage. Tata tana yashe a gindin bango, an ɗora mata galan ɗin baƙin mai.

"Ina zan zauna?"

Hamzat ya hau goge hannu da tsumma, ya kasa ɗago kai. "Injin da na samo a Sabon Gari ne ya yi girma. Sai da na yanke wurin sannan ya shiga. Wallahi in kika ji ƙararsa..."

"Ƙararsa! Ni fa na ɗinka wa kujerar nan riga!"

"Haba Umma, ƙarfe ne, ana gyarawa."

"To cire shi."

Ya dube ta, ya juya ya dubi injin, ya daɗe.

Ta gyara mayafinta. "Ka auna, Malam Hamzat, ka ga tsakanin ni da injin ɗayanmu ne zai shiga, ka yanke wurina. Gobe Kawu zai dawo muku da kayan sa ranarku."